Shin direbobi sun ƙara rashin mutunci da ganganci a kan titi?

Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce, shekara 15 ke nan ina tuƙi a cikin Kano. A da ina jin daɗin fita da mota, yanzu kuwa kafin in sauke yara a makaranta sai gabana ya faɗi sau uku. Makon jiya wani mai adaidaita sahu ya yanko gabana a shatale-tale babu sigina, na taka birki da ƙyar, ya leƙo ya yi mini daƙuwa a gaban 'ya'yana. Shin da gaske direbobi sun lalace ne, ko ni ce girma ya fara kamawa?

Amsa: Malama, Allah ya ba ki haƙuri, kuma ya shirya mana shi. Ba girma ba ne, abin da idonki ya gani haka yake. Sai dai tambayarki ta haɗa abu biyu da nake so mu raba su tun daga farko, wato rashin mutunci da ganganci. Sukan zo tare, amma ba abu ɗaya ba ne, kuma wanda ya fi ƙona rai ba shi ne ya fi kisa ba.

Na shiga harkar mota ina ɗan shekara 16, a matsayin yaron mota, na yi shekaru ina jan babbar mota tsakanin Kano da Legas, yanzu kuma koyar da tuƙi nake yi. A duk tsawon wannan lokaci, gawarwakin da na taimaka aka ɗauka a gefen hanya, da wuya ki samu wadda mai zagi a cikin gosulo ya kashe. Mai adaidaitan da ya yi miki daƙuwa yana tafiyar da ba ta wuce kilomita 20 ko 30 ba, iyakar ɓarnarsa ya goge miki fenti ya ɓata miki yini. Mai kisa sau da yawa mutum ne mai fara'a, wanda ya gaishe da fasinjojinsa a tasha, ya ce a yi addu'ar tafiya, sannan ya ɗora allura a kan 140 da tayar gwanjo, bai yi barcin kirki ba kwana biyu.

Mu fara da rashin mutuncin. E, ya ƙaru, kuma ruwa ba ya tsami banza. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin Kano ta hana acaɓa. Dubban matasan da ke cin abinci da babur suka koma adaidaita sahu, kuma suka taho da tuƙinsu na babur: duk inda kan abin hawa ya shiga, sauran jiki zai bi. Babur yana iya kurɗawa tsakanin motoci biyu ya wuce, mai ƙafa uku kuwa idan ya kurɗa sai ya toshe layi. Yawancinsu ba nasu ba ne, balas suke kai wa mai shi kullum, ko da ciniki ko babu. Sannan a ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Yaron da ya fito da asuba da bashin balas a wuyansa, kuɗin mai ya cinye rabin cinikinsa, idan ya hango fasinja a ɗaya gefen titi ba ya ganin ki, ba ya ganin 'ya'yanki, naira 200 ɗin nan kawai yake gani. Ba ina wanke shi ba ne. Talauci bai taɓa halatta zagin uwar wani ba, kuma akwai masu adaidaita da yawa da ke cikin wannan matsin amma ba za ki taɓa jin ashar a bakinsu ba. Ina dai nuna miki inda wutar ta taso.

Amma abin da ya fi damuna ba kuɗi ba ne, yadda ake yin direba ne ya canza.

A zamaninmu ba a zama direba, sai dai a mayar da mutum direba. Na yi shekara biyar a hannun maigidana kafin ya yarda in ja mota da lodi. Shekarar farko ban taɓa sitiyari ba. Aikina wanke mota, duba ruwa da baƙin mai, ɗaure tamfal, da sa weji a bayan taya idan mun tsaya a gangare. Kowace safiya sai ya miƙo mini ƙarfe ya ce in zagaya in buga tayoyi ɗaya bayan ɗaya, yana zaune yana shan shayi yana saurare. Daga ƙarar kawai zai ce mini, "Ta ciki ta hagu ba ta da iska." In je in auna, in tarar haka ne. Bayan nan aka bar ni in riƙa yin ribas a cikin tasha, sai kuma in ja mota ba kaya a hanyar da babu kowa. Duk tsawon shekarun nan ina zaune a gefensa ina kallon yadda yake yi da mutane: yadda yake rage wuta idan zai shiga ƙauye ranar kasuwa, yadda yake kashe fitila mai nisa idan mota ta taho, yadda yake kunna sigina ya gaya wa na baya cewa gaba babu kowa, ya wuce. Wata rana na leƙa taga na zagi wani mai keke da ya tsallaka gabanmu. Bai ce komai ba sai da muka tsaya, sannan ya ce, "Kai kana saman tan talatin na ƙarfe, shi yana kan kara biyu. Wa ya kamata ya ji tsoron Allah a cikinku?" Har yau da wannan maganar nake fara darasi ga duk wanda ya zo koyo wurina.

Kuma a lokacin kowa ya san yaron wane ne kai. Idan ka yi rashin kunya a Mokwa, kafin ka dawo Kano labari ya riga ka zuwa wurin maigidanka. Kunya tana aikin da ɗan sanda ba zai iya ba. Yanzu fa? Yaro ya koyi mota a filin ƙwallo cikin mako guda a hannun abokinsa, wanda shi ma haka ya koya. A ƙa'ida sai mutum ya kai shekara 18, ya bi ta makarantar tuƙi da aka amince da ita, jami'an VIO masu duba motoci da direbobi sun gwada shi, kafin a ba shi lasisi. A aikace kuwa, mutane nawa ne suka zo wurina da lasisi sabo fil a aljihu suna cewa in koya musu tuƙi? Na tambayi wani daga cikinsu wa ke da hannu a shatale-tale, ya ce wanda ya riga sa kai. Bai san cewa wanda ke cikin da'irar shi ake jira ba. Irin wannan mutumin idan ya yanko gabanki, kika yi masa hon, shi a ransa ke ce mai laifi, shi ya sa yake zagi da ƙarfin gwiwa. Mota mai canza giya da kanta ta ƙara sauƙaƙa abin: an iya motsa mota, ba a iya hanya ba.

Akwai kuma wani abu da na san kin sha ji ko da ba ki faɗa ba, wato "tuƙin mata". Na koyar da mata da maza masu yawa, kuma matan sun fi sauraro, sun fi bin ƙa'ida. Abin da ake kira tsoro a wurinsu, sau da yawa shi ne tuƙin daidai. Wanda ya zage ki ya yi ne don ya san ba za ki fito ki shaƙe shi ba. Da ƙato ne a motar, da ya haɗiye.

To, batun haɗari. A nan ba na so in yaudare ki da cewa da can komai lafiya lau. Ba don hanyoyi suna lafiya ba gwamnatin Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, ta ɗora Wole Soyinka a kan shugabancinta. An kafa ta ne saboda jinin da ke zuba ya yi yawa. A zamaninmu ma akwai masu shan giya a tasha, akwai masu tsere da juna da fasinja a ciki. A 'yan shekarun nan, alƙaluman da hukumar ke fitarwa na waɗanda suka mutu suna yawo ne tsakanin 5,000 da 6,000 da wani abu a shekara, wata shekarar su hau, wata su sauka. Amma waɗannan su ne waɗanda jami'ai suka je wurin suka rubuta. Mu kuwa mutum ya rasu da hantsi, kafin la'asar an yi masa sutura, wanda kuma ya cika a asibiti bayan mako biyu ba lallai ya shiga lissafi ba. Shi ya sa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ga Najeriya ya haura mutum 30,000 a shekara. A duniya baki ɗaya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ne, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce a gaba, alhali mu ne muka fi ƙarancin motoci.

Abin da na tabbata ya canza shi ne kayan aikin ganganci sun ƙaru. Halin ɗan'adam yana nan yadda yake, amma abin da ke hannunsa ya fi na da kaifi.

Na farko gudu, kuma kowace shekara shi ne kan gaba a dalilan haɗari da hukumar ke lissafawa. Tsohuwar mota idan ta kai 100 sai ta fara rawa tana ƙara, ita da kanta take gaya maka ka yi hankali. Motar yanzu tana 140, gilashi a rufe, sanyi na kaɗawa, kamar kana zaune a falo. Doka ta ce ƙaramar mota 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Motar haya iyakarta 90, tanka da tirela 60. Ki tsaya a hanyar Kano zuwa Zariya tun da aka gyara ta ki ga ko mutum nawa ke bin wannan. Mun daɗe muna kuka da ramuka, da aka shafe su sai aka mayar da hanyar filin tsere. Ga lissafin da nake yi wa ɗalibaina a allo. A gudun 100, mota tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane, ƙafa ta isa birki, an ci mita 40, birki bai fara aiki ba tukuna. Kuma nisan da birki ke buƙata ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: idan ka ninka gudu sau biyu, nisan tsayawa sau huɗu yake ninkuwa. Me ake samu a madadin haka? Kano zuwa Kaduna kusan kilomita 230 ne. Tsakanin mai tafiya a 100 da mai tafiya a 120, minti 23 ne kacal. A cikin gari abin ya fi ban takaici. Tafiyar kilomita 10 a gudun 50 minti 12 ce, a gudun 65 minti 9 da 'yan daƙiƙu. Saboda minti uku, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa da aka buge yana ninkuwa sau huɗu da rabi. Mai tafiya a ƙasan nan kuwa almajiri ne, ko yarinya mai talla, ko ɗalibinki.

Na biyu waya. Wannan sabon bala'i ne da maigidana bai san shi ba. Duba saƙo na daƙiƙa uku a gudun 100 daidai yake da tuƙa mota mita 80 da ido a rufe, kusan tsawon filin ƙwallo. Mai amfani da waya a kan sitiyari haɗarinsa ya ninka na wanda ba ya yi kusan sau huɗu. Yanzu har masu ɗaukar kansu bidiyo ake samu, suna nuna allura ta kai ƙarshe don a yaba musu.

Sai ƙwaya da gajiya, waɗanda tagwaye ne. Direba yana so ya yi sawu biyu inda ya kamata ya yi ɗaya, sai ya nemi abin da zai hana shi barci. Tiramadol da makamantansa suna yawo a tashoshi, wani lokaci a cikin shayi ko lemo. An hana maganin tari mai kodin a 2018, kuma wani bincike da aka yi a ƙasa baki ɗaya a wancan lokacin ya nuna mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. Wasu daga cikinsu suna kan sitiyari. Ƙwaya ba ta kore barci, ɓoye shi take yi, sai ya faɗo wa mutum lokaci guda ido a buɗe. Ba zan manta da wani yaro ba, bai fi shekara 25 ba, da muka sha shayi tare da shi wajen ƙarfe biyun dare a hanyar Jebba. Yaro mai ladabi, har ya riga ni biyan kuɗin shayin yana cewa, "Baba, bar shi." Na ga idonsa ya yi ja, hannunsa na rawa a kan kofi, na ce ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota ya yi awa biyu. Ya ce mai kaya yana ta kira, tumatir ne, zai lalace. Da gari ya waye muka tarar da motarsa a cikin rami, babu ko alamar birki a kan kwalta. Mutum uku da suka hau saman kwandunan su ma ba su tashi ba. Wannan yaron bai zagi kowa ba a rayuwarsa, ina jin.

Tsadar rayuwa ta shiga cikin motar ita kanta. Ana sayen tayar gwanjo saboda sabuwa ta fi ƙarfin aljihu. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Roba tana tsufa ko da zanenta yana nan da kyau, kuma kwaltar watan Afrilu ba ta yafe wa tsohuwar taya. Ki duba naki yau ɗin nan. Wata muguwar dabara da ta yaɗu tun da mai ya yi tsada ita ce sakin mota a firi a gangare, wasu har kashe inji suke yi. Idan inji ya mutu, birki yana tauri bayan taku ɗaya ko biyu, sitiyari ma ya yi nauyi. A babbar mota kuwa giya ce ke riƙe lodi a gangare, idan aka bar wa birki shi kaɗai sai ya yi zafi ya daina kamawa, sannan a ce "birki ya tsinke" kamar daga sama abin ya faɗo. Idan kuma tankar mai ce, ɓarnar ba ta tsayawa a kan direba. A Majiya ta jihar Jigawa, a Oktoban 2024, sama da mutum 150 suka ƙone bayan tanka ta faɗi jama'a sun taru kwasar mai. Bayan wata uku aka sake yin irinsa a mahaɗar Dikko ta jihar Neja.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muna ɗora komai a kan direban haya, amma wa ya koya wa talaka bin hannun da ba nasa ba? Ayarin manya da jiniya, waɗanda ke kore mutane gefe kamar kaji. Masu kaki da ke ƙetare danja. Ɗan mai kuɗi da ke wasan mota ranar ɗaurin aure, idan an kama shi waya ɗaya ta sake shi. Yaron adaidaita yana kallon duk wannan, darasin da yake ɗauka shi ne doka ta marar gata ce. An kafa hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA a Kano, akwai irinta a Kaduna, kuma inda suke tsaye ana bin danja. Amma matuƙar direba ya san na goro zai iya kashe magana, tarar ta zama kuɗin shiga kawai. Fasinjoji ma suna da nasu kason. Sau nawa na ji ana ce wa direba mai natsuwa, "Malam, ko turawa za mu yi?" Su ne kuma ke yarda a cusa mutum biyu a kujerar gaba, ko su hau saman tirela tare da shanu.

Sannan kalmar da ake rufe komai da ita: ƙaddara. Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah, kuma a cikin haƙƙoƙin hanya da ya lissafa akwai kame cutarwa daga mutane. Kisan kuskure ma, a Suratun Nisa'i, yana da diyya da kaffara, har azumin wata biyu a jere. Yaya kuma wanda ya san tayarsa ta mutu, ya san bai yi barci ba, ya ɗebi rayuka 18? Mun saba da cewa "an yafe" a wurin zaman makoki, kuma yafiya alheri ce, amma bai kamata ta mayar da mutumin nan kan sitiyari washegari ba tare da kowa ya tambaye shi komai ba.

Ke kuma, Malama, ga abin da nake so ki riƙe. Wurin da zagi ke zama haɗari shi ne lokacin da ya shiga ƙafarki. Mutum idan ransa ya ɓaci yakan ƙara wuta, ya matse na gaba, ya ƙi ba da hanya don ramuwa, kuma minti biyar ɗin da ke biyo bayan zagi su ne mafi hatsari a tafiyarki. Kada ki haɗa ido da shi, kada ki sauke gilashi, ki bar shi ya wuce gabanki inda kike ganinsa. Idan kin ji hannunki na rawa, ki sami wuri ki faka har numfashinki ya dawo. Ki bar tazara tsakaninki da na gaba: idan ya wuce wata alama, kamar turken lantarki, ki ƙirga daƙiƙa uku kafin ke ki iso wurin, da damina ki ninka. Za a riƙa shiga cikin tazarar, ki ƙyale, ki sake buɗe wata. Duk adaidaitan da ke gabanki ki ɗauka zai tsaya yanzu ba sigina, domin hannun fasinja yake kallo. Idan danja ta ba ki hannu, ki duba hagu da dama tukuna. Ki fito minti goma kafin lokacin da kika saba, yawancin ganganci daga makara yake farawa. Yara su zauna a baya da bel, ƙofofi a kulle, kada a ɗora ƙarami a cinya a kujerar gaba, wayar kuma ta zauna a jaka. Idan kika tarar da haɗari a hanya, lambar hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122, kyauta ake kira.

Tun da kuma aji kike da shi, ina roƙon ki minti biyar a mako. Ki fita da yaran bakin titin makaranta, ki nuna musu yadda ake tsallakawa, ki sa su ƙirga daƙiƙa nawa mota ke ɗauka daga wancan turken zuwa inda suke tsaye. Ki gaya musu kada su ɓullo ta bayan motar da ta tsaya, kuma idan babu gefen masu tafiya a ƙasa, su bi hannun da za su riƙa fuskantar motocin da ke tahowa.